Filin Kiɗa da Waƙa: Jita Ɗaya, 'Ya'ya Biyu

Cikin watan jiya wasiƙa ta iso mana daga wani magidanci a Wonaka, ta ƙasar Gusau. Abin da ya dame shi yana damun iyaye da yawa, saboda haka muka ga ya kyautu mu amsa masa a nan, kowa ya ji.

Ga yadda zancen yake. Bayan kaka ya sayar da waken suya, ya ware kuɗi domin ya cika alkawarin da ya yi wa 'ya'yansa tun bara waccan, wato zai saya musu jita. Babban ɗansa yana da shekara 19, shi ne yake bi da waƙa cikin ƙungiyar matasa. Hannunsa mai nauyi ne, da ɗan roba yake share tsirkiyoyin nan shida gaba ɗaya. Ƙanwarsa mai shekara 12 ta koya a jitar aro, amma ita da yatsu take taɓa tsirkiya ɗaya-ɗaya, a hankali, lokacin sujadar iyali da dare. Mahaifin ya shiga Gusau, aka nuna masa jita iri uku a kanti: wata ƙatuwa, wata matsakaiciya mai siririn ƙugu, wata kuma mai tsirkiyar roba da faɗin wuya. Mai kanti ya ce ya ɗauki ƙatuwar, wai ita ce ta manya. Shi kuwa ya shafa aljihu, ya yi shiru, ya komo gida bai saya ba. Kuɗin na jita ɗaya ne tak, hanyar Gusau kuma a kwanakin nan ba wadda mutum zai bi yau ya sake bi gobe domin musayar kaya ba ce.

Malam, ka yi daidai da ka komo. Mai kanti bai tambaye ka wanda zai kaɗa ba, bai tambaye ka yadda yake kaɗawa ba, bai kuma tambaye ka inda za a kaɗa ba. In ba a amsa waɗannan ba, girman jita ba ya gaya wa mutum kome.

Bari mu fara da abin da muka sani tun kafin jita ta zo ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa jin komo na maharba, da gurmi, da kuntigi, ya san ba muryarsu ɗaya ba. Komo yana da babban ƙoƙo, amonsa mai kauri ne, har a ƙirji ake jinsa. Kuntigi kuwa, irin wanda Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi har rasuwarsa a 2015, ɗan gwangwani ne aka rufe da fatar akuya, tsirkiyarsa ɗaya, muryarsa siririya mai kaifi. Ba wanda zai ce komo ya fi kuntigi don ya fi shi girma. Kowanne da aikinsa. Haka jita take. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya, in ka ɗaure ta tsakanin ƙusa biyu ka ja, da ƙyar za ka ji ta. Ɗan katakon nan da tsirkiyoyi suke hawa a kai, wanda masu goge suke kira jaki, shi ne yake kai rawar tsirkiya ga fuskar jita. Fuskar ta motsa, ta motsa iskar da ke cikin akwatin, iskar ta fito ta bakin nan mai zagaye. Ka hura bakin ƙaramar kwalba, sa'an nan ka hura bakin babba, za ka ji babbar ta fi kaurin murya. To, babban akwati haka yake yi.

Amma akwai wani abu da mai kanti ba ya faɗi. Babbar fuska sai an tura ta da ƙarfi kafin ta motsa sosai, kamar amalanken shanu da aka cika da kaya. Ƙaramar fuska kuwa da an taɓa ta sai ta amsa, amma in aka doke ta da ƙarfi ba ta da sauran abin da za ta ƙara, sai muryar ta shaƙe. Nan ne zancen 'ya'yanka biyu ya rabu. Bari mu kira kiɗan saurayin kiɗan shara, gama share tsirkiyoyi yake yi kamar mai tsintsiya. Na yarinyar kuma mu kira shi kiɗan tsinta, gama tsintar muryoyi take yi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa.

Ƙatuwar da aka nuna maka, mai faɗin kafaɗa wadda ƙugunta bai shiga ciki sosai ba, sunanta Dreadnought. Kamfanin Martin ne ya fara ƙera ta, kamfanin kuwa yana wani ƙaramin gari a jihar Fensilbaniya ta Amurka wanda ake kira Nazarat, ba Nazarat ta Galili ba, takwararta ce. A 1916 suka fara yi wa wani kamfanin kayan kiɗa mai suna Ditson, ba ta yi kasuwa ba, sai a 1931 suka fitar da ita da sunan kansu. An sa mata sunan wani babban jirgin ruwan yaƙi na Ingila na 1906, gama a idon mutanen lokacin ƙatuwa ce ƙwarai. Faɗinta a ƙasa, inda ta fi faɗi, inci 15 da rabi ne da ɗan ɗori, wato wajen santimita 40, kaurinta kuma ya kusa inci 5. Ta sami karɓuwa wurin mawaƙan karkara na Amurka, masu tsayuwa suna waƙa tare da wasu kayan kiɗa masu ƙara, suna bukatar abin da zai cika wuri ya riƙe musu ƙasan waƙa. Tun daga nan kusan kowane kamfani ya kwaikwayi siffarta, shi ya sa in ka shiga kantin kayan kiɗa a Sabon Garin Kano ko Zariya ko Jos, ita za ka fi gani a rataye. Ga mai shara kamar ɗanka, in shi kaɗai ne, da ba sai mun ja zance ba, ita zan ce ka saya.

Akwai wadda ta fi ta, ana ce mata Jumbo. Kamfanin Gibson ya fitar da shahararriyar irinta a 1937, faɗinta wajen inci 17. In ka gamu da ita ka wuce, ba ta gidanka ba ce.

Matsakaiciyar nan da ka gani mai siririn ƙugu, ita ce ta cancanci mu daɗe a kanta. Irinta ta riga Dreadnought zuwa duniya. Martin suna rubuta mata sifiri uku, 000, kuma a 1929 suka ƙara mata tsawon wuya saboda roƙon wani makaɗi mai suna Perry Bechtel, suka kira sabuwar OM. Kamfanoni dabam-dabam suna ba irin wannan siffa sunaye dabam-dabam. Wurin Yamaha, alal misali, waɗanda lambarsu ta fara da FG manya ne, waɗanda ta fara da FS kuwa sun fi ƙanƙanta. Kada sunan ya ruɗe ka, siffar za ka duba. Faɗinta inci 15 ne, kaurinta inci 4 da kaɗan. In ka karanta wannan za ka ce ai bambancin ba shi da yawa, rabin inci nan, kashi uku cikin huɗu na inci can. A takarda haka ne. A cinyar yarinya mai shekara 12 kuwa, bambancin babba ne. Ƙugun da ya shiga ciki yana sa jita ta zauna daram a kan cinya, ta sauka ƙasa kaɗan, kaurin da ya ragu kuma yana barin hannun dama ya sauko a kan tsirkiya ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba. Ƙatuwar jita takan tura hannun yaro sama ta tura shi gaba, bayan minti goma kafaɗa ta fara zogi. Yaro kuwa ba ya cewa jita ta yi masa girma. Abin da yakan ce shi ne ya gaji, gobe ma ya gaji, jibi a ga jita a rataye jikin bango tana shan ƙura, iyaye su ce ai dama ba shi da baiwa.

Ta wajen murya ma matsakaiciyar ta fi dacewa da tsinta. Tun da akwatinta bai kai na ƙatuwar ba, kaurin muryar ba ya danne siririyar, kowace tsirkiya tana fita a sarari. Mai tsinta abin da yake so ke nan, babban yatsa yana tafiya a ƙasa, sauran yatsu suna rera waƙar a sama, kunne yana rarrabe su. Wannan ba baƙon kiɗa ba ne a Afirka ta Yamma. Marigayi Ali Farka Ture na Niafunke a ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya ya fara, ya ɗauko hannun nan ya sa wa jita, da yatsu yake taɓa ta har duniya ta san shi. In 'yarka tana bin wannan hanya da kanta, ba wanda ya koya mata, to, kada a kashe mata gwiwa da akwatin da ba ya amsa mata.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ƙanƙanta, ana kiranta jitar falo, gama a falon gidaje ake kaɗa ta tun ƙarni na 19. Tana da daɗi a ɗaki, amma hannun ɗanka zai shaƙe ta.

Saura ta uku, mai tsirkiyar roba. Wannan gidanta dabam ne. Siffarta ta fito daga hannun wani maƙerin jita ɗan ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A dā da hanjin tumaki ake yin tsirkiyarta, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga robar nailan. Iyaye da yawa suna sonta domin ba ta cin yatsun yaro, wannan kuwa gaskiya ne. Amma wuyanta ya fi faɗi, wajen milimita 52 a sama, alhali na mai tsirkiyar ƙarfe wajen 43 ne, ƙaramin hannu yakan sha wuya kafin ya kewaye shi. Muryarta mai laushi ce, in mutum ashirin suka ta da waƙa sai ta nutse. Da don yarinyar kaɗai ne, da na ce a duba ƙaramar irinta. Tun da akwai wanta, ba za ta ishe su ba.

A nan dole in ja kunnen kowa, gama na ga ɓarnar da idona. Wata ƙungiyar matasa ta sami kyautar jita mai tsirkiyar roba, suka ga ba ta da ƙara, wani mai dabara cikinsu ya cire robar ya ɗaura ƙarfe. Ranar farko kowa ya yaba. Kafin wata biyu jakin ya ɗaga, fuskar ta kumbura kamar gurasa, wuyan ya lanƙwashe. Tsirkiyoyin roba shida suna jan jita da nauyin wajen kilo 40, na ƙarfe kuwa wajen kilo 70, fiye da buhun siminti. Jitar da aka yi domin ƙarfe tana da ƙarin katakai a gicciye a ƙarƙashin fuskarta, da sandar ƙarfe cikin wuyanta. Ta roba yawancinta ba ta da sandar, katakan cikinta ma sirara ne. Kada a yi wannan musaya ko da sau ɗaya.

To, Malam, ga shawarata. Ka sayi matsakaiciyar mai tsirkiyar ƙarfe, ka sa a ɗaura mata tsirkiya marasa kauri. Dalilina shi ne, saurayin yana iya kaɗa matsakaiciya, abin da zai rasa ɗan kaurin murya ne kawai. Yarinyar kuwa ba ta iya riƙe ƙatuwa, abin da za ta rasa shi ne kiɗan gaba ɗaya. In aka auna asarar nan biyu, ba ɗaya suke ba.

Na san abin da saurayin zai ce. Zai ce a majami'a ba za a ji shi ba. Ɗana, bari in gaya maka gaskiya. Ranar da Zumuntar Mata suka shigo da tulu da kacau-kacau, mai ganga kuma ya ɗaga hannu, ko Jumbo ka rungumo ba mai jinka a bayan benci na uku. Ba a yi jitar katako domin ta yi gasa da ganga ba. Aikinta cikin waƙa shi ne ta ba mawaƙa murya su kama, ta riƙe su kada su zame ƙasa kafin aya ta huɗu. Wannan kuwa matsakaiciya tana yinsa sarai, in ka tsaya a tsakiyar mawaƙa, ba can gefe kusa da mai ganga ba. Ka roƙi mai gangar ya sassauta hannu a farkon kowace waƙa. Ka kuma rage nauyin naka hannun, ka nemi ɗan roba mai laushi, ka kaɗa daga wuyan hannu maimakon daga gwiwar hannu. Za ka ga tsirkiya ta daina tsinkewa, kuɗin da kake kashewa a kanta ya ragu. In wata rana ikkilisiya ta sami lasifika da wutar sola, akwai ɗan na'urar da ake maƙalawa a bakin jita ta kai muryarta ga lasifikar, a lokacin kuwa matsakaiciya ta fi sauƙin sarrafawa, gama babban akwati ya fi saurin sa lasifika kuka.

Amma fa ban ce ka saya don na faɗa ba. In da hali, ka tafi da su biyun kantin. In hanya ba ta yi kyau da tafiya da yara ba, ka aro ƙatuwar jita a gari, yarinyar ta zauna da ita a benci minti goma, ka tsaya a bayanta ka duba kafaɗunta. In ta dama ta ɗaga ta fi ta hagu, ko kuwa tana leƙe ta saman jitar kafin ta ga yatsunta, ka sami amsarka. Sa'an nan ka aro awon tela ka sa a aljihu, ka auna faɗi da kauri a kantin da hannunka. Sunan da aka liƙa a kan jita ba abin dogara ba ne, gama jabu sun yi yawa a kasuwa, amma inci ba ya ƙarya.

Kana kantin, ka ɗauki tsinken ashana ka zura tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12 a jikin wuya, kana ƙirgawa daga sama. Ya kamata tsinken ya shiga da ɗan sarari kaɗan. In tsinke biyu a haɗe suka wuce ba su taɓa tsirkiyar ba, ta yi nisa da wuya, za ta yanka yatsu, ka ajiye ta kome kyan fentinta. Ka ɗaga jitar ka dubi wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba gorar mashi, ka ga ko ya murɗe. Ka gwada zura takarda a ƙarƙashin jakin ta baya, in ta shiga, ya fara ɗagawa ke nan. Ka kuma sa wani ya kaɗa, kai ka ja da baya taku biyar ka saurara, gama mai kaɗawa yana bayan jita, ba ya jin abin da jama'a suke ji.

Akwai sauran magana ɗaya wadda ta shafi mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu fiye da na Legas. Masu ƙera jita suna so ta zauna inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A ƙasarmu kuwa, daga Disamba zuwa Maris, hunturu da bazara sukan saukar da ita ƙasa da kashi 20. Yadda leɓe da diddige suke tsagewa, haka katako yake yi. Fuskar jita iri biyu ce. Akwai ta katako tsantsa, ita ta fi murya ta kuma fi tsada. Akwai ta falle-falle da aka manna, irin filawud, muryarta ba ta kai waccan ba, amma ta fi jimre wa bushewa nesa ba kusa ba. Littattafan Turai za su ce maka ka nemi tsantsar. Ni kuwa, ga gidan da ba shi da mai gyaran jita kusa, na fi son ta falle-falle, kuɗin da ya ragu a sayi jaka mai kauri. In kuwa tsantsar ce ta zo hannunka, ka sami kwanon sabulu na roba mai murfi, ka huda shi, ka jiƙa soso ka matse sosai ka sa a ciki, ka ajiye cikin jakar kusa da wuya, kana sabunta shi bayan kwana biyu ko uku duk tsawon rani. Kada ruwa ya taɓa katakon. Kada a rataye jita a bangon da rana take duka, ko a ƙarƙashin kwanon rufi, ko kusa da murhu lokacin sanyi. Da damina kuma a cire soson, gama laima tana kumbura fuska ta sa tsirkiya tsatsa. A riƙa shafe tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa.

Game da rabon lokaci tsakanin wa da ƙanwa, wannan hukuncin gidanka ne, Malam, ba na wannan fili ba. Sai dai in ce wanda ya fita da ita ranar Lahadi, shi ne zai komo da ita cikin jakarta kafin sujadar dare. Kafin ka bar kantin kuma ka sayi tsirkiya saiti biyu na ajiya, da ƙarin ta ɗaya da ta uku guda bibbiyu, gama su ne suka fi tsinkewa a hannun mai shara, a Wonaka kuwa ba lalle ka same su a kasuwa ba.